Blueberry (nau'in tabar wiwi)

Blueberry wani nau'in tabar wiwi ne da aka samar ta hanyar haɗa iri a jihar Oregon ta ƙasar Amurka a ƙarshen shekarun 1970. An san shi da gajarta, da yawan rassa, da ƙamshi mai zaƙi irin na 'ya'yan itace, da kuma launin shuɗi ko shunayya da ganyensa da furensa kan ɗauka idan dare ya yi sanyi. Wani mai haɗa iri da aka fi sani da laƙabin DJ Short ne ya samar da shi daga tsirran ƙasashen Tailan, Meziko da Afganistan.

Blueberry yana cikin nau'o'in da suka sa noman wiwi mai sa maye ya yiwu a ƙasashe masu matsakaicin yanayi, irin su arewacin Amurka, Kanada da yammacin Turai, inda lokacin ɗumi gajere ne, kuma ruwa da sanyin kaka ke zuwa da wuri. Noma shi laifi ne a mafi yawan ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar. Wasu ƙasashe kaɗan sun yarda manya su shuka 'yan tsirrai ƙidayayyu a gida.

Suna

Sunan ya fito ne daga wani ɗan itace na Arewacin Amurka da ake kira blueberry da Turanci, wanda girmansa ya yi kusa da na magarya, launinsa kuma ya yi kama da na nunannar ɗinya. Babu wata dangantaka tsakanin tsirran biyu. An ba wiwin wannan suna ne saboda ƙamshinsa da launinsa sun tuna wa mutane da ɗan itacen.

Asali da tarihi

A shekarun 1960 da farkon 1970, yawancin wiwin da ake sha a Amurka shigo da shi ake yi daga Meziko, Kolombiya da Tailan. Waɗanda suka gwada shuka ƙwayoyin da ke cikinsa a arewacin ƙasar sun ci karo da matsala guda: tsirran ƙasashen zafi ne, dogaye, waɗanda kan kai mita 4 ko fiye, kuma ba sa gama nuna sai watan Nuwamba ko Disamba. Kafin lokacin sanyi ya riga ya kashe su.

Mafita ta zo daga Afganistan. Matasan Turai da Amurka da ke bin hanyar ƙasa zuwa Indiya da Nepal a wancan zamani sun riƙa komawa gida da irin wiwin da manoman Afganistan ke nomawa domin yin hashish, wato danƙon furen da ake tankaɗewa a dunƙule. Wannan iri gajere ne, mai faɗin ganye, kuma yana nuna da wuri. Mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Afganistan a 1979 ta rufe wannan hanya, amma irin ya riga ya shiga hannun masu noma a Kalifoniya da Oregon.

DJ Short ya bayyana cewa ya yi aiki ne da iri biyu na ƙasashen zafi, Highland Thai da Purple Thai, wanda shi na biyun haɗi ne na irin Tailan da na yankin Oaxaca a Meziko. Ya yi musu barbara da bununin irin Afganistan, sannan ya shafe shekaru yana zaɓen 'ya'yan da suka gaji ƙamshin iyayen Tailan tare da gajarta da saurin nunar uban Afganistan. Daga wannan zuri'a aka sami Blueberry da 'yan uwansa, irin su Flo, Blue Velvet da Blue Moonshine.

A tsakiyar shekarun 1980 cibiyar haɗa irin wiwi ta koma ƙasar Holan, inda doka ba ta hana sayar da ƙwayar iri ba. A nan ne nau'o'i irin su Skunk #1 da Northern Lights suka zama kayan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Dutch Passion na birnin Amsterdam ya fara sayar da irin Blueberry, kuma a shekara ta 2000 nau'in ya zo na ɗaya a rukunin indica a gasar Cannabis Cup da mujallar High Times ta shirya a Amsterdam. Daga nan sunansa ya bazu a Turai da Kanada.

Rabe-raben kimiyya

Carl Linnaeus ne ya ba tsiron wiwi sunan Cannabis sativa a 1753. A 1785 Jean-Baptiste Lamarck ya bayyana wani iri daga Indiya ya kira shi Cannabis indica, sannan a 1924 masanin tsirrai ɗan Rasha D. E. Janischewsky ya bayyana wani ƙaramin iri na daji ya kira shi Cannabis ruderalis. Masana da dama a yau suna bin ra'ayin Ernest Small da Arthur Cronquist na 1976, cewa duka jinsi ɗaya ne mai rassa.

A bakin masu noma da 'yan kasuwa kuwa, "indica" na nufin gajeren tsiro mai faɗin ganye irin na Afganistan, "sativa" kuma dogo mai siririn ganye irin na ƙasashen zafi. A wannan ma'auni ana lissafa Blueberry a matsayin haɗin da indica ya rinjaya, kuma masu sayar da iri kan ce kashi 80 cikin 100 indica ne, kashi 20 sativa.

Siffar tsiro

Blueberry yana da kara mai kauri, gaɓoɓi kusa da juna, da rassa masu bazuwa gefe, har tsiron ya yi kama da ƙaramin kurmi. Ganyensa mai yatsu ne kamar na rama, amma yatsun sun fi na irin Tailan faɗi da duhu. A cikin ɗaki tsayinsa kan tsaya a wajen mita ɗaya, a fili kuma yakan fi haka.

Kamar dabino, wiwi yana da tsiro namiji da tsiro mace. Namijin ne ke fitar da bununi, macen kuma ke yin furen da ake nema. Furen macen yana taruwa a dunƙule a ƙarshen rassa, kuma a lulluɓe yake da wasu ƙananan gashi masu kai kamar ɗigon raɓa, waɗanda ke fitar da danƙo. A cikin wannan danƙo ne sinadarin THC mai sa maye yake, tare da sinadaran ƙamshi. Idan bununi ya sauka a kan macen, sai ta juya ƙarfinta wajen yin ƙwaya. Wannan ne ya sa masu noma ke raba maza da mata, abin da ya haifar da kalmar sinsemilla, wadda a harshen Sifaniyanci ke nufin "marar ƙwaya".

Gadon Tailan ya bar wa nau'in wasu halaye da masu noma suka daɗe suna ambata. Wasu tsirran kan fito da murɗaɗɗen ganye tun suna ƙanana, wasu matan kuma kan fitar da furen namiji idan sun wahala, su zama mata-maza. An kuma san shi da rashin jure taki mai yawa, domin bakin ganyensa yakan ƙone da sauri.

Ƙamshi, ɗanɗano da launi

Zaƙin da ake danganta wa Blueberry na ƙamshi ne, domin babu sukarin kirki a cikin furen. Hanci ne ke jin sinadaran da ke tashi daga danƙon, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa su da 'ya'yan itace. Mafi yawan waɗannan sinadarai na rukunin tafin ne, wanda a kimiyyance ake rubutawa terpene. Daga cikinsu akwai myrcene, wanda ake samu a mangwaro da tsiron hops, da pinene mai ƙamshin itacen fir da dangoginsa, da caryophyllene da ke cikin masoro da kanumfari, da limonene na ɓawon lemo. Binciken da aka yi daga 2021 zuwa 2023 ya nuna cewa wasu sinadarai da ke cikin furen kaɗan ƙwarai, irin su masu ɗauke da farar wuta da kuma rukunin esta, suna da babban tasiri a kan bambancin ƙamshi tsakanin nau'i da nau'i, har ma fiye da tafin a wasu lokuta.

Waɗannan sinadarai suna gudu da zafi. Saboda haka ƙamshin da ke isa ga mai saye ya dogara da yadda aka busar da furen da yadda aka adana shi, kamar yadda ganyen shayi ko taba ke canzawa da irin sarrafawar da aka yi musu.

Launin shuɗi da shunayya kuwa daga sinadarin anthocyanin yake, wanda shi ne ke ba zoɓo jan launinsa. Idan darare suka yi sanyi a ƙarshen lokacin fure, koren ganye yakan ragu, sai wannan launi ya bayyana. Shi ya sa tsiron da ya nuna a sanyin watan Oktoba a Oregon ko Jamus ya fi nuna shuɗi a kan wanda aka noma a ɗaki mai ɗumi. Launin ba ya ƙara ƙarfin maye, ba ya kuma rage shi.

Tsawon rana da lokacin fure

Babban abin da ke yanke hukunci a kan noman wiwi a ƙasashe masu matsakaicin yanayi shi ne tsawon dare. Wiwi yana cikin tsirran da ba sa fure sai dare ya yi tsawo zuwa wani mizani. Manoman ƙasar Hausa sun san wannan ɗabi'a a dawa da maiwa, waɗanda ke jiran ƙarshen damina kafin su fitar da kai ko da an shuka su da wuri, saɓanin gero da ke ƙirga kwanakinsa kawai. Wani Bafaranshe mai suna Julien Tournois ya lura da hakan a wiwi da hops tun 1912, kafin W. W. Garner da H. A. Allard su yi cikakken bayaninsa a 1920 ta hanyar gwaji a kan taba da waken suya.

Kusa da tsakiyar duniya tsawon rana ba ya canzawa sosai. A Kano, tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A Amsterdam kuwa rana tana haura awa 16 a watan Yuni, ta sauko ƙasa da awa 8 a Disamba. Irin Tailan da aka kai can yakan yi ta girma ba fure har sai rana ta kusa awa 12 a ƙarshen Satumba, sannan yana buƙatar wata uku ko fiye kafin ya nuna, lokacin da sanyi ya riga ya kama. Irin Afganistan, wanda ya saba da ƙasa mai hunturu, yana fara fure tun rana tana da sauran tsawo, a cikin watan Agusta, ya kuma gama cikin kimanin wata biyu. Wannan hali ne Blueberry ya gada. Masu sayar da iri kan ba shi mako 8 zuwa 9 na fure, wanda ke kai girbinsa a fili zuwa ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba a arewacin duniya.

Hanyoyin noma

A wuraren da doka ta yarda, ana noma Blueberry ta hanya uku.

Ta farko ita ce a fili, a lambu ko a tukwane. Kakar noman takan fara bayan sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce, wato wajen watan Mayu a yawancin Turai da Kanada, tsiron ya yi girma a dogayen ranakun Yuni da Yuli, ya yi fure daga Agusta. Wurare irin su kudancin Oregon da arewacin Kalifoniya, inda lokacin zafi busasshe ne kuma ruwa ba ya sauka sosai sai Oktoba, sun fi dacewa da shi a kan gaɓar tekun arewacin Turai mai yawan danshi.

Ta biyu ita ce a rumfar gilashi ko ta leda, wadda ke tare ruwan sama, ta kuma riƙe ɗumi. Holan, wadda ta shahara da noman tumatir da furanni a irin waɗannan rumfuna, ta ba masu noman wiwi dabaru da kayan aikin da suka ara.

Ta uku ita ce a cikin ɗaki da fitilun lantarki, inda mai noma ke sarrafa tsawon rana da dare da kansa. Wannan hanya ta bunƙasa a shekarun 1980, lokacin da hukumomin Amurka suka tsananta farautar gonakin fili da jiragen sama. Gajerun nau'o'i sun samu karɓuwa ne a nan, domin dogon tsiro ba ya shiga ƙarƙashin rufin ɗaki. Ke nan doka da yanayi ne tare suka sassaƙa siffar wiwin zamani. Hanyar tana cin wuta ƙwarai: wani ƙiyasi da masanin makamashi Evan Mills ya wallafa a 2012 ya nuna cewa noman wiwi a ɗaki yana cin kimanin kashi 1 cikin 100 na wutar lantarkin Amurka.

Saboda 'ya'yan haɗaɗɗen iri ba sa fitowa iri ɗaya, manyan gonaki kan zaɓi uwa guda mai halin da ake so, su riƙa yankar rassanta suna dasawa, kamar yadda ake dasa rogo.

Cututtuka da ƙwari

Halin da ya sa Blueberry ya dace da gajeren lokacin ɗumi shi ne kuma rauninsa. Cunkusasshen furen da ya gada ya samo asali ne a Afganistan, inda kaka busasshiya ce. A ƙasashen da ruwa da hazo ke sauka a Satumba da Oktoba, danshi yakan maƙale a cikin dunƙulen furen, sai fumfunar da ake kira Botrytis cinerea ta kama shi daga ciki. Sau da yawa ba a ganewa sai furen ya riga ya ruɓe ya koma toka-toka. Wannan fumfuna ita ce ke ɓata inabi da tumatir a ƙasashen Turai, kuma ita ce babbar asarar masu noman wiwi a fili a can. Furen da ta kama yana da haɗari ga huhu, musamman ga masu raunin garkuwar jiki.

Akwai kuma farar fumfuna mai kama da gari da ke rufe ganye, da ƙananan ƙwari irin su Tetranychus urticae, mai saƙa kamar gizo-gizo a ƙarƙashin ganye, da ɗarɓa. A 2019 masu bincike suka tabbatar da cewa wata ƙwayar cuta da aka fara sani a tsiron hops tana tsumburar da wiwi a Kalifoniya, tana rage danƙo da ƙamshi, kuma tana yaɗuwa ta hanyar dashen rassa da kayan yanka.

Nau'o'in da suka fito daga gare shi

Blueberry ya zama uba ko uwa ga nau'o'i masu yawa. Mafi shahara shi ne Blue Dream, haɗinsa da Haze, wanda ya fito daga Kalifoniya ya kuma zama cikin waɗanda aka fi saye a shagunan da doka ta halatta a Amurka. Akwai Blue Cheese, haɗinsa da nau'in Cheese na Birtaniya, da Berry White, haɗinsa da White Widow.

A farkon shekarun 2000 wani mai haɗa iri a Kanada ya fitar da Lowryder, ƙaramin nau'i mai jinin ruderalis, wanda ke fure bisa kwanakinsa ba tare da jiran dare ya yi tsawo ba, kamar gero. Daga baya kamfanoni suka haɗa wannan hali da Blueberry, aka sami ƙananan tsirrai da ke gama rayuwarsu cikin kimanin wata uku, abin da ya kai noman har ƙasashen arewa mai nisa inda kaka ke saurin zuwa.

Matsalar suna

Babu wata hukuma ta duniya da ke tantance sunayen nau'o'in wiwi mai sa maye, domin an haɗa yawancinsu ne a ɓoye. Kowa na iya kiran abin da ya noma Blueberry. Wani bincike da aka wallafa a mujallar PLOS ONE a 2015, da wani a Journal of Cannabis Research a 2019, sun gano cewa samfura masu suna ɗaya sau da yawa sun bambanta a ƙwayoyin gado. Wani binciken na 2021 a mujallar Nature Plants ya nuna cewa laƙabin indica da sativa a kasuwa ya fi bin wasu 'yan sinadaran ƙamshi a kan ainihin asalin tsiro. Saboda haka tarihin nau'in ya dogara ne a kan bayanin wanda ya haɗa shi da na kamfanonin iri, kuma sunan da ke jikin fakiti ba ya tabbatar da abin da ke ciki.

Matsayin doka

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta sa wiwi cikin abubuwan da ake sa wa ido. A Disamban 2020 an cire shi daga rukuni mafi tsanani, amma yana nan ƙarƙashin kulawa.

Yurugwai ta halatta shi a 2013, ta yarda da tsiro 6 a gida. Kanada ta bi a ranar 17 ga Oktoba, 2018, da tsiro 4 ga kowane gida, sai dai lardin Quebec ya hana noman gida, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta goyi bayansa a 2023. Malta a 2021 da Luxembourg a 2023 sun yarda da tsiro 4. Jamus ta yarda wa baligi tsiro 3 daga ranar 1 ga Afrilu, 2024, bisa sharaɗin a kare su daga hannun yara. A Holan noma haramun ne a rubuce, amma wanda aka samu da tsiro 5 ko ƙasa da haka galibi ƙwace su ake yi ba tare da gurfanarwa ba. A Amurka jihohin Colorado da Washington ne suka fara halatta shan wiwi ga manya a 2012, Oregon ta bi a 2014 da tsiro 4 ga kowane gida, yayin da dokar tarayya ta 1970 ba ta halatta shi ba. A Birtaniya noma shi na iya jawo ɗaurin shekara 14.

A Najeriya dokar 1966 kan tabar wiwi da dokar 1989 da ta kafa hukumar NDLEA sun haramta shuka, mallaka da sayarwa, da hukuncin ɗauri mai tsawo. Hukumar takan sanar da kama wiwi mai ƙarfi da ake shigowa da shi daga Kanada ta tashoshin Legas, wanda ake kira Canadian Loud.

Tasiri ga lafiya

Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka ware sinadarin THC a 1964 a ƙasar Isra'ila. Blueberry, kamar yawancin nau'o'in zamani, yana da THC mai yawa, galibi sama da kashi 10 cikin 100, da kuma ɗan kaɗan na CBD, sinadarin da ba ya sa maye. Daɗin ƙamshinsa ba ya nufin sauƙin tasiri. A Amurka matsakaicin THC a wiwin da hukumomi suka kama ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014, kuma haɗa iri da noman fure marar ƙwaya suna cikin dalilan wannan hauhawa.

Masu sha kan bayyana tasirinsa da sakin jiki da jawo barci. Illolin nan take sun haɗa da bugun zuciya da sauri, bushewar baki, raunin tunawa, fargaba, da jinkirin amsawa wanda ke sa tuƙi ya zama haɗari. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na masu sha kan kamu da jarabarsa, adadin kuma yakan kai 1 cikin 6 ga waɗanda suka fara tun suna matasa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar The Lancet Psychiatry a 2019, wanda ya haɗa da biranen Landan da Amsterdam, ya gano cewa masu shan wiwi mai THC kashi 10 ko fiye a kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 5 wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali. Hukumomin lafiya, har a ƙasashen da suka halatta shi, suna gargaɗin masu juna biyu, masu shayarwa, matasa, da waɗanda ke da tarihin taɓin hankali a danginsu da su guje shi.